Tiyatar Rage Ƙiba: In Yarda Ko In Ƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 38, tsawona mita 1.62, nauyina kilo 112. Shekara huɗu ke nan ina fama da ciwon suga, yanzu har an ɗora ni a kan allurar insulin. Ba na iya hawa bene sai na tsaya na huta saboda gwiwa, maigidana kuma ya ce numfashina kan ɗauke in ina barci. Babu irin rage cin abincin da ban gwada ba. Sai in sauke kilo goma, kafin shekara ta zagayo ya dawo har da ƙari. Likitana ya ce in yi tunanin tiyatar rage ƙiba. Maigida ya ce bai ga abin da zai sa mutum yana tafiya da ƙafarsa ya kai kansa a yanka shi ba. Yayata ta ce ragwanci ne, in kama bakina kawai. Wata abokiyar aikina ta ce ta san wadda aka yi wa, ƙibar ta dawo. Ga shi ina son in ƙara haihuwa. Me ke sa wasu su yarda, wasu su ƙi? Ni ina zan dosa?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sannu da fama, Allah ya kawo sauƙi. Maganar mutum uku kika kawo mini, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Tsoron maigidanki yana da hujja, ya cancanci a zauna a amsa masa da lissafi. Labarin abokiyar aikinki rabinsa gaskiya ne. Maganar yayarki kuwa, duk da na tabbata ƙauna ce ta sa ta faɗa, ita ce ba ta da tushe, kuma ita na fi jin tsoron ta zauna miki a rai. Da ita zan fara.

Macen da ta sauke kilo goma, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ba raguwa ba ce. Shi jiki ba ya ɗaukar ramar da aka yi da gangan a matsayin alheri. Ɗauka yake yunwa ce ta afko, sai ya tashi tsaye ya kare kitsensa. A 2011 masu bincike a birnin Melbon na Ostareliya sun ɗora mutum 50 masu ƙiba a kan tsattsauran tsarin cin abinci na mako 10, kowa ya sauke kimanin kilo 13 a matsakaici. Da aka sake auna jininsu bayan shekara guda, sai aka tarar sinadarin da ke tayar da yunwa, wanda ake kira girelin, yana nan sama da yadda yake kafin su fara, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi kuma sun yi ƙasa. Shekara guda cur, jikinsu bai daina kiran abinci ba. Ga shi kuma jikin da ya rame kan rage kuzarin da yake ƙonawa ko da mutum yana kwance. Abin da kike ɗauka gazawarki ce, yawancinsa wannan ne.

Likitoci suna da ma'aunin da suke kira BMI: a raba nauyin mutum da tsawonsa sau tsawonsa. Naki ya kusa 43. Wani bincike da aka fitar a Birtaniya a 2015, wanda ya bi bayanan asibiti na masu ƙiba sama da dubu 170 da ba a yi wa tiyata ba, ya nuna cewa a cikin mata masu BMI 40 zuwa 45, ɗaya ce kacal cikin 677 ke komawa nauyi daidai a kowace shekara. Ban kawo wannan don in ce ki bar kula da abin da kike ci ba. Sauke ko da kashi 5 cikin 100 na nauyi yana taimakon suga da hawan jini ƙwarai. Na kawo shi ne don in yayarki ta sake cewa ki kama bakinki, ki san cewa ɗaruruwan mata sun kama nasu kamar yadda kika kama, kuma abin da ya same ki shi ya same su. Shi ya sa tun 1991 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta ce mai BMI 40, ko 35 in yana da wata cuta irin suga, ya cancanci a yi masa maganar tiyata. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni ma sauko da mizanin suka yi: 35 ko babu wata cuta, 30 in akwai suga. Likitanki bai yi azarɓaɓi ba.

To mene ne ake yi a tiyatar? Da yawa suna zaton kitse ake yankewa. Ko kaɗan ba a taɓa kitsen. Tumbi ake taɓawa, wato jakar da abinci ke fara sauka a cikinta. Iri biyu ne suka fi yawa a yau. A ta farko, wadda ake kira silif, ana cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin a fitar da shi gaba ɗaya, a bar siriri mai tsawo. Abin da aka cire ya tafi ke nan, ba a mayar da shi. A ta biyu, baifas, ana ware ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbin, bai wuce girman ƙwai ba, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Wannan dabarar ta samo asali ne daga wani likita a Jami'ar Iowa ta Amurka, Edward Mason, wanda ya lura cewa waɗanda aka yanke wa wani sashe na tumbi saboda gyambon ciki ba sa ƙara yin ƙiba, ya fara gwada ta a wajajen 1966. Da farko kowa ya ɗauka ƙanƙantar wurin ce kawai ke aiki. Daga baya aka gano abin ya fi haka: sashen da ake cirewa a silif shi ne ke samar da mafi yawan girelin, shi kuma abincin da ya isa hanji da wuri yana tayar da sinadaran ƙoshi da masu taimakon insulin. Dalili ke nan da masu suga da yawa kan ga sugansu ya sauka cikin 'yan kwanaki, tun kafin su sauke wani nauyin a zo a gani. Tiyatar tana taɓa daidai wurin da ya riƙa kayar da ke duk shekarun nan.

Yanzu maigidanki. Ina son ki ba shi wannan shafin ya karanta da kansa, domin tsoronsa na mai ƙaunarki ne. Ana mutuwa a wannan tiyata, ba zan ɓoye ba. A asibitocin da suka ƙware, kusan mutum 1 ne cikin 1,000 ke rasuwa a cikin wata guda bayan aikin, wanda bai yi nisa da haɗarin cire matsarmama ba. A da, lokacin da ake tsaga ciki a buɗe, haɗarin ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma yawancin labaran ban tsoro daga wancan zamanin suka taso. Tun farkon shekarun 1990 aka fara yin baifas ta ƙananan ƙofofi da kyamara, yau kusan duka haka ake yi, a sallami mutum bayan kwana ɗaya zuwa uku. Abubuwan da ake tsoro a kwanakin farko uku ne: ɗinkin ya yi yoyo, jini ya ɓalle, ko gudan jini ya taso daga ƙafa ya toshe huhu. Saboda na ƙarshen nan ne za ki ga ana tayar da mutum ya taka a ranar da aka yi masa aiki, ko yana jin ciwo.

Sai dai akwai wurin da lissafin maigida ya tsaya a rabi. Yana auna tiyata ne da zaman lafiya, alhali ke ba a zaman lafiya kike ba. Wadda ke allurar insulin a shekara 38, numfashinta na ɗaukewa cikin dare, tana kan wata hanya ce mai nata haɗarin: ƙoda, ido, jijiyoyin ƙafa, zuciya. Bambancin kawai shi ne haɗarin tiyata yana da rana da sa'a, wancan kuwa a hankali yake zuwa, ba a sa hannu a takarda kafin ya zo. A Suwidin an fara wani dogon bincike a 1987, aka bi mutum kusan 2,000 da aka yi wa tiyata da wasu kusan 2,000 masu irin ƙibarsu da ba a yi wa ba. A sakamakon 2007, mutuwa ta ragu da kusan kashi 29 cikin 100 a wajen waɗanda aka yi wa. A 2020 aka sake lissafi, aka ga sun fi takwarorinsu tsawon rai da kimanin shekara 3, amma duk da haka suna ƙasa da sauran jama'a da kimanin shekara 5 da rabi. Ki riƙe duka biyun. Tiyatar tana dawo da wani abu, ba ta dawo da komai.

Haka batun suga. A asibitin Cleveland Clinic na Amurka an raba masu suga 150 gida uku, aka bi su shekara 5. Waɗanda sugansu ya sauka zuwa kusan na mai lafiya: kashi 29 cikin 100 a masu baifas, 23 a masu silif, 5 a waɗanda aka bari a kan magani kaɗai. Tazara ce babba, amma ki lura cewa mafi yawa ba su warke sarai ba. Abin da suka samu shi ne raguwar magani, da yawa kuma sun rabu da insulin. Wanda sugansa bai daɗe ba ya fi samun dama, don haka shekara huɗun nan taki tana gefenki, kuma kowace shekara da ta ƙaru tana rage damar. Wannan shi ne abu ɗaya da zai sa in ce miki kada ki bar maganar ta kwana shekaru.

Duk wannan lissafi ne. Bari in gaya miki abin da idona ya gani, domin a nan ne na fahimci me ya sa wasu ke ja da baya ko sun san lissafin. 'Yar gwaggona, wadda muka tashi tare, an yi mata silif. Na je duba ta a makonnin farko, na tarar da ita a bakin gado da ɗan kofin nan da ake auna wa yara magani, tana kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, idonta a kan agogon waya. In ta ɗan yi sauri sai ta dafe ƙirji ta yi shiru har ya wuce. Ana cin abinci a falo, ƙamshi na shigowa. Ta ce mini ko kaɗan ba ta jin yunwa, amma hannunta yana neman abin da zai kai baki, ta rasa yadda za ta yi da shi. Shekara da shekaru, in ranta ya ɓaci abinci take nufa, in ta ji daɗi abinci take nufa, yanzu an rufe wannan ƙofar, ɓacin ran kuma yana nan inda yake. Bayan 'yan watanni ta nuna mini matajinta cike da gashi, tana hawaye. An gaya mata zai zube tsakanin wata na uku da na shida kuma zai dawo, ya kuwa dawo, amma ji daban gani daban. Na kuma ga ranar da ta tsuguna ta ɗaura wa ɗanta igiyar takalmi, ta miƙe ba tare da ta dafa bango ba, ta tsaya tana kallona don ta tabbatar na gani. Fatar damatsanta ta saki, ba ta son a gani. Maganin hawan jininta ya ragu. Ta ce da za a maimaita za ta sake yarda, sai dai ta so a ce wani ya shirya ta a kan abin da zai faru da zuciyarta kamar yadda aka shirya ta a kan cikinta.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi aka fi tsallakewa. Bincike ya nuna haɗarin cutar da kai yana ɗan ƙaruwa a wajen wasu bayan tiyata, musamman waɗanda dama suna da ciwon damuwa, kuma masu shan barasa kan fi saurin kamuwa da ita bayan baifas. A Suwidin ɗin nan dai, an ga cewa marasa aure sun fi yin aure bayan tiyatar, masu aure kuma rabuwa ta ɗan fi yawa a cikinsu. Ba tiyatar ke kashe aure ba; mutum ne ke canjawa, zaman da ya dogara da yadda yake a dā sai ya girgiza. Shi ya sa nake son maigidanki ya shiga maganar tun daga tushe, a matsayin abokin shawara, ba wanda za a sanar wa ba.

Abin da na lura a wasiƙun da ke zuwa mini shi ne, da wuya ki ji wanda ya yarda saboda lamba a kan sikeli. Wani abu ne takamaimai ke faruwa. Wata ranar da aka ce ta fara insulin. Wani ranar da aka ce ba za a yi masa aikin gwiwa ba sai ya rage. Wata ta ga an yanke wa mahaifinta ƙafa saboda suga. Masu ƙi kuma ba duka tsoron wuƙa ba ne. Akwai wanda kuɗin ya fi ƙarfinsa. Akwai wadda ba ta da mai riƙe mata yara in ta kwanta. Akwai wanda ba ya son a ce ya bi gajeriyar hanya. Akwai kuma wanda ya duba rayuwar da ke bayan tiyatar da idon basira ya ce ba zai iya ba, kuma wannan na fi girmamawa a cikinsu.

Domin rayuwar ga yadda take. Kafin aikin, kusan mako biyu na tsattsauran abinci don hanta ta rage girma. Bayansa, makonni na ruwa-ruwa, sai mai laushi, kafin a koma abinci sosai, shi ma 'yan lomomi, a tauna da kyau, ba a haɗa ci da sha sai an ba da tazarar kamar minti 30. Mai baifas in ta ci abu mai zaƙi da yawa, zuciya kan buga da sauri, gumi ya karyo, jiri da gudawa su biyo. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac sai an haƙura da su, domin suna iya kawo gyambo a wurin haɗin, wannan kuma ya shafe ki tunda kina da gwiwa. Saurin rama kan kawo tsakuwa a matsarmama. Sannan babban: bitamin B12, sinadarin ƙarfe, kalsiyam da bitamin D, kullum, har ƙarshen rayuwa, da gwajin jini a kai a kai. Ba na shekara ɗaya ba. Wanda ya yarda da tiyata, da wannan ya yarda.

A nan labarin abokiyar aikinki ya shigo. E, nauyi kan dawo. Yawanci mutum kan sauke kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsa a shekara ɗaya zuwa biyu. A wajenki, wajen kilo 28 zuwa 34. Daga nan kusan kowa kan ƙara kaɗan, wasu kuma su ƙara da yawa, galibi ta hanyar ɗan taɓa wannan ɗan taɓa wancan duk yini da shan abubuwa masu zaƙi, waɗanda ƙaramin tumbi ba ya tarewa. Amma mafi yawa suna riƙe babban rabon abin da suka sauke har bayan shekara goma. Wadda tata ta dawo ita ake gani ana ba da labari; wadda tata ta zauna, bayan 'yan shekaru an manta ma ta taɓa yin ƙiba.

Batun haihuwa kuma, ki faɗa wa likita tun zaman farko. Rage ƙiba kan daidaita al'ada ya buɗe hanyar ɗaukar ciki, wani lokaci da sauri fiye da yadda aka zata, kuma yana rage haɗarin sugan masu ciki da hawan jininsu. Amma ana son a jira wata 12 zuwa 18 kafin a ɗauka, domin jikin da ke zubar da nauyi ba ya ciyar da ɗan tayi yadda ya kamata, kuma bayan baifas ƙwayar hana ɗaukar ciki ta haɗiya ba abin dogaro ba ce, sai a nemi wata hanya. A shekara 38, wannan jira abu ne da za a auna da gaske, ke da maigida da likitan mata.

Kin tambaye ni ina za ki dosa. Ra'ayina: ki je. Ba ɗakin tiyata ba, wurin masu tiyatar, ke da maigidanki. Zuwa ganin likita ba sa hannu ba ne. Ki tambaye shi guda nawa yake yi a shekara, cikin nasa marasa lafiyan nawa ne ɗinkinsu ya yi yoyo, wa za ki kira in zazzaɓi da ciwon ciki suka taso miki da tsakar dare, akwai mai ba da shawarar abinci da likitan ƙwaƙwalwa a tare da shi, wa zai riƙa duba jininki nan da shekara biyar. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi, ki tashi. A yanayinki, da suga da insulin da numfashin dare, ni ina ganin ma'aunin ya fi rinjaya wajen yi. Amma tambayar da ke kaɗai za ki amsa ita ce ko za ki iya riƙe abin da ke bayan tiyatar, kuma kada kunya ta amsa miki ita, ko ta wane ɓangare ta zo.

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. Shekaruna 56, BMI ɗina 37, ina da hawan jini da ƙwannafi mai tsanani, amma ba ni da suga. An ba ni shawarar tiyata na ce a'a. Ina zaune nesa da duk asibitin da ke yin ta, kuma na san halina, ko maganin hawan jinin ma nakan manta. 'Ya'yana sun sa ni gaba, suna cewa taurin kai ne. Na yi kuskure?

Amsa: Barka kadai Malam. A ganina ba ka yi kuskure ba, kuma dalilan da ka kawo suna cikin mafi ƙarfi da mutum zai iya kawowa. Ba kai kaɗai ba ne kuma: ko a Amurka, inda aka fi yin wannan aiki, kusan mutum 1 ne cikin 100 na waɗanda suka cancanta ake yi wa a shekara.

Nisa da asibiti ba uzuri ba ne na banza. Yoyon ɗinki kan bayyana ne bayan an koma gida, kuma sa'o'i ne ke raba tsira da halaka. Wanda ya yi ta amai makonni bayan tiyata ba a kula ba, bitamin B1 na iya ƙare masa har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Wanda ya bar B12 shekaru, jijiyoyin ƙafa da hannu su mutu. Ƙwannafinka ma yana da magana: silif kan ƙara shi, don haka mai yiwuwa baifas za a ce maka, ita kuwa ta fi buƙatar riƙon magani. Mutumin da ya ce na san ba zan riƙe ba, gaskiya ya faɗa, kuma likitan kirki ya fi son jin ta kafin aiki.

Amma zan faɗa maka wadda 'ya'yanka suke nufi ba su iya faɗa ba. Ƙin tiyata daban, ƙin magani daban. Mantuwar nan da ka kafa hujja da ita, ita kanta haɗari ce gare ka yau, ko da tiyata ko babu. Hawan jinin da ake sha wa magani yau a bari gobe shi ke kawo shanyewar ɓarin jiki. Ka fara da wannan. Sannan a yau ba a ce ko wuƙa ko babu komai ba. Akwai allurai na mako-mako: semaglutide, wadda aka amince da ita don rage ƙiba a Amurka a 2021 da sunan Wegovy, a gwaji ta sauke kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyi, tirzepatide, da ta biyo a 2023, ta kai kusan 20. Suna da tsada, suna kawo tashin zuciya, kuma waɗanda suka daina semaglutide sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke a shekara guda, don haka su ma ba na ɗan lokaci ba ne. Likita ne zai ce ko sun dace da kai. Ko ba su, sauke kilo 6 zuwa 10 zai nuna a awon jininka da ƙwannafinka. Ka kuma riƙa gwada suga duk shekara. In ya bayyana, lissafin ya canja, ka sake buɗe maganar. Shekarunka ba su rufe maka ƙofa ba.

Ku kuma 'ya'yan Malam, in kuna karantawa: wanda aka ja zuwa wannan tiyata ba da son ransa ba shi ya fi shan wahalarta. Ƙarfin da kuke sa wa a matsa masa, ku sa shi a tuna masa magani da raka shi asibiti.

Tambaya: Anti, shekaruna 24, tsawona 1.65, nauyina kilo 76. Bikina ya kusa, ina ganin tallar masu tiyata a intanet. Wacce ta fi sauri, ta rage tumbi ko ta zuƙe kitse?

Amsa: 'Yata, Allah ya sanya alheri. Ba ɗaya daga ciki da zan ce ki yi. BMI ɗinki wajen 28 ne, ba ki kai inda ake maganar taɓa tumbi ba, kuma duk wanda ya yarda ya yanke miki shi a haka, ba lafiyarki ce a gabansa ba. Ki duba ma lokacin: gashi zai zube daidai watannin bikin, ga jiran shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ɗaukar ciki, ga magani har tsufa.

Zuƙe kitse kuwa aikin gyaran sura ne, ba na lafiya ba. Kitsen ƙarƙashin fata yake ɗauka, ba ya kai wa ga na cikin ciki da ke kewaye da hanji da hanta, wanda shi ne mai cutarwa. A 2004, a birnin St. Louis na Amurka, an zuƙe wa mata 15 kitse kimanin kilo 10 kowacce, aka auna bayan 'yan makonni: suga, hawan jini da kitsen jini duk suna nan yadda suke. Shi ma yana da nasa haɗarin, ana rasa rai a cikinsa, musamman a hannun waɗanda talla ta fi ƙwarewarsu yawa.

Ki ɗauki tef ki auna ƙugunki a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwatangwalo. In bai kai rabin tsawonki ba, wato santimita 82, hankalinki ya kwanta ta fannin lafiya. In ya wuce, ko kuma al'adarki tana rikicewa, ko nauyin ya hau ne da sauri ba dalili, ki je a duba miki suga da maƙoƙo da ƙwayayen haihuwa kafin ki yi tunanin wani abu.